Riƙe masu sa-kai a aikin ƙidayar tsuntsayen kurmi

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ke sa masu sa-kai janye jiki bayan 'yan shekaru da fara ƙidayar tsuntsaye a kurmi. A ganina babban dalili shi ne shiru. Mutum ya yi sammako, ya ratsa raɓa, ya cika takarda, sannan bai sake jin ɗuriyarta ba. Ku riƙa mayar musu da sakamako duk shekara, ko da shafi ɗaya ne: wane tsuntsu ya ragu, wanne ya dawo.

Tsarin kuma ya zama mai sauƙi, kada a yi ta canza shi. Ƙidayar tsuntsaye masu hayayyafa ta Arewacin Amurka tana gudana tun 1966, minti 3 kacal ake yi ana ƙidaya a kowane wurin da aka tsaya. Da zarar an sauya ƙa'ida, alƙaluman bana ba za su kwatantu da na bara ba.

A kurmi kunne ya fi ido aiki, domin ganye na ɓoye tsuntsu, kuma gane kukansu na cin shekaru. Don haka ku haɗa kowane tsohon hannu da sabon shiga tun kafin tsohon hannun ya gaji ko jinsa ya ragu.