Amsa ga ɗan'uwan da ake ta soke masa gyara a muƙalar Chess960

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka tun jiya, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce ka rubuta a Wikipedia cewa Bobby Fischer, tsohon zakaran ches na duniya, shi ne mutum na farko da ya kawo ches ɗin da ake hargitsa jerin 'ya'yan baya, wani edita ya soke, ka mayar, ya sake sokewa, kana tambayar ko ka mayar karo na uku tunda ka tabbata gaskiya ce. Don Allah kada ka mayar. Na taɓa bin wannan hanyar, ban ji da daɗi ba.

Bari mu fara da jimlar taka, don a nan wanda ya soke yana da hujja. Abin da ba a musu a kai shi ne Fischer ya gabatar da nasa tsarin, wato Chess960, a Buenos Aires ta Ajantina ranar 19 ga Yuni, 1996. Amma tunanin a cakuɗa jerin 'ya'ya kafin a fara wasa ya girme shi nesa ba kusa ba. Wani ɗan ƙasar Holan, van Zuylen van Nijevelt, ya kawo shawarar tun 1792. Abin da Fischer ya ƙara sharuɗɗa ne: bishop biyun su zauna a gidaje masu launi dabam, sarki kuma ya kasance tsakanin ruk biyu, don kada a rasa motsin nan da sarki da ruk suke yi tare a lokaci guda. Daga waɗannan sharuɗɗan 960 ɗin da ke cikin sunan ta fito, wato yawan jerin da za a iya fara wasa da su. Ka lissafa da kanka: bishop ɗaya gida 4, ɗayan gida 4, sarauniya ta zaɓa cikin 6 da suka rage, dawaki biyu suna da hanya 10 cikin gida 5, gida ukun ƙarshe kuwa ba zaɓi, ruk ne da sarki da ruk. 4 sau 4 sau 6 sau 10, ka ga 960. Jerin da muka saba ma ɗaya ne daga ciki. To ka ga ba ƙaramin aiki mutumin ya yi ba, sai dai kalmar "na farko" ce ta kayar da kai.

Wannan kalmar ita ce uwar rigima a duk muƙalun ire-iren ches. Ita da ƙannenta: "mafi shahara", "mafi adalci", "zakaran duniya". Ɗauki na ƙarshen. Wa ya fara zama zakaran duniya a Chess960? Wani zai ce Peter Leko, da ya doke Michael Adams a Mainz ta Jamus a 2001. Wani ya ce a'a, Wesley So ne, da ya lallasa Magnus Carlsen da 13½ da 2½ a Norwe a 2019, domin ita ce gasa ta farko da hukumar ches ta duniya, FIDE, ta sa wa albarka. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa ya kama wani ɓangare ne yana ja. Muƙala mai kyau takan faɗi duka biyun, ta ce wane ne ya shirya wace gasa, ta bar mai karatu da hankalinsa.

Sunan wasan ma haka yake. Fischer Random, Chess960, sannan tun 2024 ga Freestyle Chess da Carlsen da abokin hulɗarsa Jan Henric Buettner suke tallatawa. Kowane suna da mutanensa. Ƙa'idar Wikipedia ita ce a bi sunan da majiyoyi masu zaman kansu suka fi amfani da shi, ba wanda ya fi daɗin kunne ba, kuma sauya sunan muƙala irin wannan ba a yin sa da ka, sai an buɗe tattaunawa an ji ta bakin jama'a.

Tawa rigimar a kan wani ƙaramin wasa ne, ba zan kama sunansa ba. Irin waɗanda ake yi a allo mai gida 80 ne, goma a kwance takwas a tsaye, da ƙarin 'ya'ya biyu: ɗaya yana tafiyar bishop da doki, ɗayan ruk da doki. Muƙalar ta ce wannan sabuwar fasaha ce, kuma jerinta ya fi na kowa daidaito. Ni kuwa na san Capablanca, ɗan Kyuba da ya riƙe kambin duniya daga 1921 zuwa 1927, ya kawo irin wannan allo da waɗannan 'ya'ya. Kafin shi akwai Henry Bird na Ingila a 1874, kafin Bird akwai Pietro Carrera na Italiya a 1617. Sai na goge "sabuwar fasaha". Minti kaɗan ta dawo. Na goge, ta dawo. Tsakar dare ina zaune gaban kwamfuta, shayina ya huce, ina ta sabunta tarihin shafi kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Na huɗun da na yi, sai ga sanarwa an toshe ni na kwana guda. Dokar a rubuce take: kada ka soke gyara fiye da sau uku cikin awa 24 a shafi ɗaya. Mai gudanarwar da ya toshe ni bai ma leƙa batun Carrera ba, kuma ba aikinsa ba ne a lokacin. Ya ƙirga ne, ya ga huɗu. A ranar na ji haushinsa, yanzu kam na san da ni ne a kujerarsa haka zan yi. Kuma ka sani ukun nan ba rabonka ba ne da dole sai ka cinye, ana iya toshe mutum kafin ya kai in an ga yaƙi ya zo yi.

Da na dawo sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na shiga shafin tattaunawa. Na yi tambaya ɗaya: wa ya ce jerin nan ya fi daidaito, ban da wanda ya ƙirƙiro shi? Amsa ta zo da madogara uku. Ta farko shafin intanet ɗin wasan ne. Ta biyu wata doguwar maƙala, da na duba ƙasanta sai ga sunan wanda ya ƙirƙiro wasan. Ta uku takardar mallakar fasaha. Wannan ta ukun tana ruɗin sababbin editoci ƙwarai, saboda tana ɗauke da hatimin hukuma. Amma bayanin da ke cikinta wanda ya nema ne ya rubuta shi. Tana nuna an yi rajista a rana kaza, ba ta nuna wasan ya shahara ko ya fi wani ba. Da aka tattara, madogara ukun bakin mutum ɗaya ne.

Ba na ganin mai wasan mugu ne. Ya ɓata shekaru a kan abinsa, so kuma hana ganin laifi. Shi ya sa Wikipedia take roƙon mai alaƙa da abu ya bayyana alaƙarsa, ya kawo shawara a shafin tattaunawa maimakon ya taɓa muƙalar da hannunsa. Abin da ya ɓata lamarin shi ne wasu asusu biyu da suka ɓullo a mako guda, ba su taɓa gyara komai ba sai wannan shafi, suna mara masa baya da lafazi iri ɗaya har da kuskuren rubutu iri ɗaya. Ban ce musu uffan ba. In ka kira mutum ɗan bogi a fili ba hujja, kai za a hukunta. Akwai wurin da ake kai irin wannan ƙara, da masu izinin bincike, can na kai na koma gefe.

A ƙarshe jimlar ta koma "mai wasan yana ganin jerin ya fi daidaito", aka ƙara sakin layi kan Carrera da Bird da Capablanca. Ban samu duk abin da na so ba, ni so na yi a cire maganar gaba ɗaya. Amma har yau ba wanda ya sake taɓa ta, don ba abin da za a kama.

Wani abu da ke sa wannan fagen ya fi sauran zafi shi ne ƙarancin majiya. Ire-iren ches sun haura dubu, waɗanda jarida ta taɓa rubutawa a kansu kuwa 'yan kaɗan ne. Kundin D. B. Pritchard na 1994 da wanda aka sabunta a 2007 su ne abin da kowa ke rugawa gare shi, kuma wasan da aka ƙirƙiro bayan haka ba ya ciki. Sai a koma dandalin muhawara da shafukan da kowa ke iya tura nasa. Ka kuma yi hattara da injin ches, wato manhajar kwamfuta mai buga ches. Za ka iya kunna shi ya buga wa kansa wasa ɗari, ka ga fararen 'ya'ya suna cin wasa kaza daga ciki, ka ji kamar ka gano wani abu. Wannan bincikenka ne, ba ya shiga muƙala sai wata majiya mai tacewa ta wallafa shi. Na ga editoci masu ilimi sosai sun yi fushi sun tafi saboda wannan dokar kaɗai.

Kai taka ta zo da sauƙi, domin Chess960 ba ya cikin marayu. FIDE ta sa shi a rataye na dokokinta a 2008, an yi rubutu a kansa ba iyaka. Ka bar muƙalar yadda take yau. Ka je shafin tattaunawa, ka ambaci editan, ka gode masa, ka ajiye jimlarka a can maimakon cikin muƙala. In ku biyu ne kawai kuka kasa daidaitawa, akwai tsarin neman ra'ayin mutum na uku. Da ni ne, ga yadda zan rubuta: "A 1996 Fischer ya gabatar da wani tsari na ches mai hargitsattsen jeri, wanda ya bambanta da na baya ta wajen tilasta sarki ya zauna tsakanin ruk biyu." Ka liƙa mata majiya guda mai ƙwari, ka ba shi kwana biyu ko uku ya amsa. In ya yi shiru, ka sa ta, ka rubuta a taƙaitaccen bayanin gyara cewa an tattauna. In kuma ya dawo da wata hujjar, kawo ta nan mu duba tare.