Ana tsakurar kuɗi a katina: ɓarawo ne ko na gida?

Wani ɗan Damagaram da ke zaune a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Yaya. Aikina kai kaya gida-gida da mota, kuma ina da katin bashi da nake shan mai da shi. Ban cika duba takardar da banki ke aiko mani duk wata ba, abin da suka ce in biya shi nake biya. Makon jiya na zauna na duba, sai na ga ana cire dalar Amurka 9.99 kowane wata, yau wata bakwai ke nan, da wani suna da ban sani ba. Ga wata dala 14.95 sau uku, ga kuma dala ɗaya sau biyu a rana guda. Bara na taɓa tura wa ƙanena da ke Zinder hoton katin ta WhatsApp don ya biya kuɗin rajistar wata jarrabawa. Ina jin nauyin tambayarsa. Kuma takarduna na zama suna hannun hukuma, ina tsoron in tayar da rigima da banki ta shafe su. In yi shiru in ci gaba da biya?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya taimaka. Kada ka yi shiru, kuma kada ka bari makon nan ya fita.

A cikin duk abin da ka lissafa, dala ɗaya-ɗayan nan biyu ne suka fi tsaya mani a rai. Masu sayen lambobin katin da aka sato ba su san wanne ke aiki wanne aka rufe ba, sai su gwada da ɗan abin da ba wanda zai kula. In ya wuce, sun san katin na da rai, babbar cira na nan tafe. Sai dai tunda mai kake sha da shi, lura da wannan: wasu gidajen mai na riƙe dala ɗaya ko fiye lokacin da ka sa kati a famfo, amma riƙon nan yana ɓacewa cikin 'yan kwanaki, ainihin kuɗin man ya maye gurbinsa. Wanda ya zauna daram a takardar wata, da sunan da ba na gidan mai ba, ba riƙo ba ne. Saboda haka yau ɗin nan ka shiga manhajar bankin a wayarka ka kulle katin. Yawancin bankuna na da wannan makulli, kuma kullewar ba ta nufin ka zargi kowa.

Daga nan, kafin ka buɗe baki ka ce wa banki an yi maka sata, sai ka kira Zinder. Na san nan ne abin ya yi maka nauyi, amma ba za ka iya tsallake shi ba. A dokar Amurka, in kai da kanka ka ba mutum izinin amfani da katinka, abin da ya cira ba a ɗaukarsa a matsayin sata, kuma in ya zarce iyakar da ka sa masa, banki na iya cewa wannan tsakaninku ne. In ka rantse masu ba ka san komai ba, suka bincika suka tarar da imel ɗin ƙanenka aka yi rajistar, ga sunan babanku ɗaya, za su maido maka da bashin, su iya rufe asusun, kuma kai ne za ka koma mai ƙarya a idonsu. Wannan ne abin gudu, ba tambayar ƙanenka ba.

Ni a ganina da wuya a ce yaron ya zauna ya shirya cin kuɗinka. Mai niyyar ci ba 9.99 zai riƙa ɗauka ba. Abin da ya fi faruwa shi ne, ya shigar da lambar sau ɗaya, waya ta adana ta. Google Play na adana kati, Facebook ma haka in an taɓa biyan talla. Wata rana ya sauko da manhajar koyon Turanci ko ta kallon ƙwallo, aka ce masa kwana bakwai kyauta ne, ya danna, kwanakin suka ƙare aka fara cira duk wata, shi kuwa ba ya ganin komai tunda takardar kai take zuwa wa. Ko kuma hoton nan da ka tura yana nan kwance a wayarsa, gaba da baya, har da lambobi ukun nan na bayan kati. Ka san yadda waya ke yawo a gida. Da safe tana shagon caji, da rana aboki ya ara, in fuskarta ta fashe ta kwana biyu wajen mai gyara a kasuwar Dole ba makulli. In kuma a shagon intanet ya yi rajistar, kwamfutar da mutum hamsin ke taɓawa a rana ita ta karɓi lambar katinka.

To, ka kira shi ta bidiyo, ku gaisa, ka tambayi tsofaffi, sannan ka ce masa banki na binciken katinka, kana son ya taimaka maka ku gano ta inda ake cira. Gaskiya ka faɗa, kuma ba ka ɗora masa laifi ba. Ya buɗe Google Play ya shiga wajen biyan kuɗi, ya karanta maka duk abin da aka yi rajistarsa da kuɗin da aka rubuta a gefensa. In kun ga 9.99 a wurin, magana ta ƙare: ya soke, ya cire katin, ya goge hoton daga WhatsApp da ma'ajiyar hotuna. Kuɗin da suka tafi kuwa, ka nemi kamfanin ya maido, wani lokaci suna mayar da na watan ƙarshe. Sauran ka haƙura. Kada maganar ta kai kunnen Inna ko gidan surukai. Kuɗin da bai wuce jika biyar da 'yan kai a wata ba bai kai a ce wa ya kira ƙanensa ɓarawo ba.

Ka kuma binciki kanka. Sunan da ke fitowa a takarda ba kullum ne sunan da ke jikin allon shago ba, wani lokaci na uwar kamfanin ne, wani lokaci na kamfanin da ke karɓar masu kuɗi. Rubuta sunan a Google yadda yake, harafi da harafi, ka kuma nemi "14.95" a cikin imel ɗinka. Direbobi da yawa na shiga rajistar wankin mota ta wata-wata su manta.

Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe, wanda ba kai ba ne ba ƙanenka ba, shi za ka kai wa banki. Kira lambar da ke bayan katin, ka karanta masu kwanan wata da suna da adadin kowace cira, ka ce su soke katin su aiko da sabo. In sun tambaye ka ko ka taɓa ba wani lambar, ka faɗi gaskiya: sau ɗaya, don biyan abu kaza, a wata kaza. Rubuta sunan wanda ka yi magana da shi da lambar ƙorafin da zai ba ka.

Amma kada ka tsaya a waya. Dokar da ke kare mai katin bashi a Amurka tun 1974 ta ba ka kwana 60 daga ranar da aka aiko da takardar da cirar ta fara fitowa a cikinta, kuma a rubuce take son ƙorafin. Wasiƙar ba adireshin da kake aika biya za ta je ba, akwai wani na ƙorafi daban da suke bugawa a jikin takardar watan. Ka sa sunanka, lambar asusu, da jerin cirar, ka haɗa da kwafi, ka riƙe na asali, ka aika ta gidan waya irin aiken da ake sa hannu in an karɓa. Dole su amsa cewa sun samu cikin kwana 30, su kuma yanke hukunci cikin zagayen biya biyu, wato zagayen takardar wata sau biyu, kada ya wuce kwana 90. A tsawon wannan lokaci kana da ikon ƙin biyan kuɗin da ake gardama a kansu, kuma ba su da ikon kai sunanka ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi cewa ka yi lattin biyansu. Sauran bashin da ka san naka ne, na mai da sayayya, ka ci gaba da biya a kan lokaci. Nan ne mutanenmu ke tuntuɓe: haushi ya sa su daina biya gaba ɗaya, su ɓata wa kansu tarihin bashin da suka yi shekaru suna ginawa.

Watannin baya da suka wuce kwana 60 fa? Ka sa su duka a jerin. Doka ta ce abin da za a iya ɗora wa mai katin bashi a kan cirar da ba da izininsa ba bai wuce dala 50 ba, in kuwa lambar kawai aka sata katin na aljihunka, ko sisi ba a binka. Visa da Mastercard ma suna da nasu alkawarin na cewa ba za a ɗora maka komai ba. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, abin da ka yi wata bakwai kana biya ba tare da ka ce uffan ba, za su ja da kai a kansa, kuma kowane mako da ka ƙara yana ƙara masu hujja.

Maganar takardu kuwa, kwantar da hankalinka. Ƙorafin cira harka ce tsakaninka da bankinka, irinta suke karɓa kullum, ba ƙara ba ce a kotu. Dokar mai kati take karewa, ba ta ce sai ɗan ƙasa ba. Abin da zai iya ɓata wa mai neman takardu suna shi ne da'awar ƙarya, shi ya sa na fara tura ka wajen ƙanenka.

Akwai wani tarko da sabon kati ke zuwa da shi. Kamfanonin kati na da tsarin da ke miƙa sabuwar lamba kai tsaye ga masu cirar wata-wata, wai don kada rajistar mutum ta yanke. Ma'ana 9.99 ɗin na iya biyo ka har sabon katin. Ka faɗa wa banki a fili su toshe wannan mai cirar, kada su ba shi sabuwar lamba, sannan ka zuba ido a takardu biyu na farko. Ka kuma sa ran kira. Wanda ya saci lambar katin sau da yawa yana da lambar wayarka, zai bugo da murya mai ladabi ya ce daga sashen tsaron banki yake, har lambar bankin ta fito a fuskar wayarka, ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu ta saƙo. Kashe wayar, ka kira lambar bayan kati da hannunka. Banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirri.

Allah ya so ka katin bashi ne. Da katin cirar kuɗi ne, wanda ke haɗe da asusun albashi, da kuɗin hayarka ne suka fita kana jiran a maido, kuma dokarsa ta fi tsauri. Wanda katinsa ya ɓata ya sanar cikin kwanakin aiki 2, asararsa ba ta wuce dala 50. In ya wuce haka tana iya kai 500. In ya bar kwana 60 bayan takarda bai yi magana ba, abin da aka ci gaba da kwasa na iya zama nasa duka. Shi ya sa gara ka ci gaba da shan mai da katin bashi, domin famfon gidan mai na cikin wuraren da ɓarayi ke maƙala na'urar kwafe kati. Inda akwai damar ɗora kati ko waya a taɓa kawai, ka yi hakan maimakon zura shi.

'Yan'uwa da ke Faransa masu karanta wannan, naku lissafin daban ne. Kuna da wata 13 ku ƙi amincewa da cirar da ba ku yi ba, amma in bankin wanda ya karɓi kuɗin yana wajen Turai wa'adin na iya sauka zuwa kwana 70, kuma cirar da kuɗinta suka shiga wani banki a gida Nijar a nan ta faɗa. Ku fara sa banki ya tsayar da katin, sannan ku kai rahoto ta Perceval, shafin gwamnati na damfarar kati, in katin na hannunku.

Abin da ya sa wata bakwai suka wuce ba ka gani ba shi ne jimilla kawai kake kallo. Shiga manhajar ka kunna sanarwa a kan kowace cira, ka sa iyakar a mafi ƙanƙantar adadin da suka yarda, ko da dala ɗaya ce. Ka sa ta riƙa zuwa ta manhaja da imel, ba saƙon waya kaɗai ba, domin ranar da ka zo gida hutun salla ka sa layin Airtel ko Moov, saƙon layin Amurka ba zai same ka ba. Kuma tunda ba mu san iya abin da ya fita na bayananka ba, ka duba rahoton bashinka a kamfanoni ukun nan masu ajiye tarihin bashin mutane, Equifax da Experian da TransUnion, ka ga ko an buɗe wani kati da sunanka. Kana iya daskarar da rahoton yadda ba mai iya karɓar sabon bashi da sunanka, kyauta ne tun 2018, kuma kana buɗewa duk ranar da kai kake buƙata.

Hidimar gida ba za ta tsaya ba, gobe ma wani zai buƙaci biyan wani abu ta intanet. In ta taso, ya turo maka adireshin shafin ka biya da hannunka daga can, ko ka aiko masa kuɗin ya karɓa a nan ya zuba a irin katin nan da wasu bankuna ke bayarwa, wanda sai an sa masa kuɗi yake aiki. In bankinka na bayar da lambar kati ta wucin gadi, wadda ake sa wa iyaka a kashe ta bayan biya ɗaya, ita za ka ba shi. Hoton katinka dai kada ya sake shiga WhatsApp, ko wa ya roƙa.