Shekarar da Kakanmu Ya Fara Zuga Za Ta Zama Hujjar Gado a Kotu?

Tambaya: Barista, gidanmu na asali yana Lokon Maƙera a cikin birnin Kano, maƙerar tana zauren gidan. Kakanmu na wajen uba a nan ya tashi, a nan ya yi ƙira har Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu jikokin ɗaya ɗakin suna son sayar da gidan, sun ce kakanmu ba ɗan mai maƙerar ba ne, yaro ne da aka kawo koyon sana'a. Ba mu da takardar haihuwarsa. Abin da muka riƙe shi ne yakan ce shekarar da aka naɗa Sarki Abdullahi Bayero ya fara zuga. Wannan zai tsaya mana a kotu?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan magabata. Wannan magana ta kakanku tana da amfani, amma shekaru kawai za ta ba ka, ba za ta ba ka nasaba ba, kuma a kan nasaba alƙali zai raba gado.

Mu fara da lissafin. An naɗa Sarki Abdullahi Bayero a 1926. A gidan maƙera, ɗan gida yakan zauna bakin zugazugi tun yana ɗan shekara bakwai zuwa goma, yana zuga, yana ɗebo gawayi, yana miƙo awartaki. Sai ƙarfi ya kawo masa ake barinsa ya ɗaga masaba. Idan kakanku ɗan gida ne, haihuwarsa za ta faɗa tsakanin 1916 da 1919. Yaron da aka kawo daga wani gida yakan zo da ɗan wayonsa, don haka tasa haihuwar za ta iya komawa baya da 'yan shekaru. Babu wata doka da ta yanke waɗannan shekaru, al'ada ce, kuma maƙeran Kano ba su rubuta yarjejeniyar koyon sana'a irin wadda aka yi a Ingila, inda ake ɗaure yaro shekara bakwai da takarda. Saboda haka kada ka shiga kotu kana cewa a 1918 aka haife shi. Faɗi tazarar yadda take. Lauyan ɗaya ɓangaren yana jiran ka ambaci shekara ɗaya ne ya rusa ta.

Inda lissafin yake aiki sosai shi ne wajen gwada shi da rayuwar mai maƙerar. Idan dattawa suka tabbatar magidanci ne lokacin da Turawa suka shiga Kano a 1903, ko lokacin da jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuma ya rayu har zamanin Sarki Usman, daga 1919 zuwa 1926, to babu abin da ya hana ya haifi kakanku. Amma lissafin yana iya juyowa kanka. In ya bayyana cewa mai maƙerar ya rasu tun kafin zuwan Turawa, wanda kakanku ya yi wa zuga a 1926 ƙanensa ne ko ɗansa, kuma kason da kuke nema ya canja gaba ɗaya. Nan ne shaidu suka fi ɓata shari'a. Dattijo zai ce "ai ɗansa ne", alhali ɗan ƙanensa yake nufi, ko ɗan riƙo. Ka tambaye shi tun a gida: wace ce uwar, matar wa ce, a wane ɗaki aka haife shi, wa ya yanka ragon suna, wa ya yi masa auren fari. Riƙo da koyon sana'a, komai daɗewarsu, ba sa sa mutum cikin magada. Wasiyya kawai za ta ba irin wannan yaro wani abu, ita ma ba ta wuce sulusi.

Kotunan Shari'a na Kano suna bin mazhabar Malikiyya, kuma tana da ƙofar da ta dace da irin wannan tsohuwar magana, wato shaidar ji. Adilai biyu za su ce sun daɗe suna ji daga mutanen kirki da sauran jama'a cewa wane ɗan wane ne, maganar ta bazu, babu mai musu. Ana karɓar wannan a nasaba, da mutuwa, da aure, kuma alƙali yakan haɗa da rantsuwar mai ƙara. Ka nemi shaidun da ba su da ko sisi a gadon: tsofaffin maƙera na unguwar, limami, gidan mai unguwa, gidan Sarkin Maƙera. Tsofaffin matan da suka yi zaman aure a gidan sun fi kowa sanin ɗakuna, su ne za su nuna maka wanda za ka nema. Akwai kuma hanya mafi sauƙi da mutane ke mantawa. Idan adilai biyu daga cikin magadan da ba a jayayya a kansu suka yi iƙirarin nasabar, ta tabbata. In mutum ɗaya ne ya yi, nasaba ba ta tabbata ba, sai dai a rage daga kasonsa shi kaɗai. Don haka baffa ko gwaggon da ke jin nauyinku a ɗaya ɗakin ya fi maka tarin takardu daraja.

Takardun ma a neme su. Rasidin haraji na zamanin En'e yakan nuna sunan mutum da na mahaifinsa ko maigidansa, da unguwa, kuma an biya haraji a Kano har 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi. Duba adakar tsofaffi, da bangon littattafan gidan, don wasu malamai suna rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Idan an taɓa raba wani gado na gidan a kotun alƙali, kofin wannan hukunci ya fi komai, domin a ciki ake jera magada da sunayensu. Ana kuma iya bincikawa a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa. Takardar rantsuwar shekaru da za ka yanko wa mamaci yau ba za ta ƙara maka komai ba.

Ko nasaba ta tabbata, saura tambayoyi biyu da suke kayar da mutane. Ta farko, wa ya riga wani rasuwa? A naku kakan ya daɗe, amma a duba mahaifinku. Idan ya riga kakanku rasuwa, kuma kakan ya bar ɗa namiji a raye, wannan baffan ya shamakance ku. In kuwa kowa ya rasu a jere ba a raba ba, za a yi munasaha, a bi gadon hawa-hawa har ya iso kanku.

Ta biyu ita ce hauzi. Wanda ya ga wani yana riƙe da gida, yana gini yana rushewa, ya yi shiru shekara 10 ba tare da uzuri ba, ba a sauraron ƙararsa in bare ne. Tsakanin dangi sai shekara 40. Ba ka gaya mini wanda ke zaune a gidan yanzu ba, kuma wannan babban abu ne. In kuna ciki, ko kuna karɓar haya, ko maƙerar tana hannunku, hauzin naku ne, shaidar ji ma tana ƙarfafa mai riƙe da abu. In kun bar gidan tun shekarun 1970 ba ku taɓa magana ba, sai ka shirya uzuri: ƙuruciya, ko tafiya mai nisa, ko shaidar cewa aro aka ba su.

A ganina ka fara da sulhu a gaban mai unguwa da dattawan maƙera, a rubuta abin da aka yarda, a kai kotu ta tabbatar. In ya gagara, shigar da ƙarar rabon gado a Babbar Kotun Shari'a, ka nemi umarnin dakatar da ciniki tun ranar farko, lauyanka kuma ya rubuta wa ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a Jihar Kano, cewa gidan yana gaban kotu. Ka lura da yadda za a rubuta ƙarar. Gado da nasaba suna zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a bisa sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999, amma in maganar ta koma jayayyar mallakar gida mai takardar gwamna, hurumin Babbar Kotun Jiha ne. Dattawan da suka san kakanku kuwa, a ɗauki bayaninsu a rubuce da murya cikin wannan watan, a kuma nemi alƙali ya fara sauraronsu kafin kowa.