Tambaya Da Amsa: An Ba Ɗana Zanen Fasta Kan Raba Addini Da Gwamnati, In Bar Shi Ya Yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni 'yar Damagaram ce amma a Faransa muke zaune ni da maigida da yara. Babban ɗana shekararsa 13 yana lakwal ɗin gwamnati, shi ne mushensu, wato malaminsu na zane, ya ce kowa ya haɗo fasta a kan laisite, wato raba addini da gwamnati, wai za a manna a makaranta ran 9 ga Disamba. Ni dai wallahi abin nan tsoro yake ba ni tunda da shi aka hana 'yan mata ɗaura kallabi, babansa kuma ya ce atafau ba zai yi ba, wai koya wa yaro rashin addini ne. Ga yaron da son zane kamar me, kullum yana kan kwamfuta. Don Allah me ka gani? — Wata uwa daga Faransa

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya mana su. A gani na ki lallaɓa maigida a bar yaron ya yi, amma fa kar a bar shi shi kaɗai, ku zauna tare.

Ranar 9 ga Disamba ɗin ba haka kawai aka zaɓe ta ba, a ranar ce a 1905 Faransa ta kafa dokar raba coci da gwamnati, kuma rigimar lokacin da cocin Katolika ake yin ta, maganar Musulmi ba ta ma taso ba. Sashe na 1 ya ce hukuma ta lamunce wa kowa 'yancin abin da zuciyarsa ta gaskata da 'yancin yin ibadarsa, sashe na 2 kuma ya ce hukuma ba ta da addinin da ta ɗauka nata, ba ta biyan malaman addini albashi. To ki nuna wa maigida sashe na farkon nan, domin shi ne ke kare masallacin da yake zuwa Juma'a. Ko tsarin mulkin Nijar na 2010 ma ai ya rubuta raba addini da hukuma, kuma ba a daina salla a Damagaram ba.

Amma ba zan rufe ki ba, tsoronki na da tushe. Dokar 15 ga Maris 2004 ta hana ɗalibai sa alamar addini da ta fito fili a makarantun gwamnati, kallabi da hular Yahudawa da babban gicciye, sannan a 2023 ministan ilimi na lokacin Gabriel Attal ya ƙara da abaya, kuma kowa ya san wa abin ya fi shafa. Ni kaina abin bai kwanta min ba, yarinya 'yar shekara 15 ai ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce. Sai dai ƙin yin fasta ba zai soke dokar ba, iyaka yaro ya rasa maki a kira ku ofis.

Yanzu ga aikin kansa. Akwai wata takarda da aka manna a makarantun gwamnati tun Satumbar 2013 zamanin minista Vincent Peillon, yarjejeniyar laisite a makaranta, sashe 15 ne da ita, ki ce ya ɗauko hotonta a waya ku karanta a gida ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sa malamai ke son koyar da wannan ta hanyar zane shi ne fasta ba ta ɗaukar surutu, dole yaro ya tsaya kan magana ɗaya tak ya nemo mata hoto ɗaya, kuma ba zai iya zaɓa ba sai ya fahimta, wanda ya yi hadda kawai nan take asirinsa ke tonuwa. To shi ya zaɓi abin da ya yarda da shi da gaske. Sashe na 3 na takardar ya ce kowa na da 'yancin ya yi imani ko kar ya yi, akwai kuma wanda ya hana wariya da cin zali. Ya ɗauki ɗaya daga ciki, ba wanda ya ce sai ya yi wa hana kallabi kirari.

Shawara ta zane kuwa, don Allah ya guji abin da rabin ajin za su kawo, wato jinjirin wata da gicciye da tauraro an jera su cikin da'ira sun riƙe hannu, an gaji da ganinsa. Ya duba rayuwarsa ta makaranta, misali teburin cin abinci ɗaya da faranti iri-iri, ko benci ɗaya da jakunkuna kala-kala babu wacce aka ture gefe. Kala biyu ko uku sun isa, shuɗi da fari da ja na tutarsu ma sun wadatar, rubutu iri ɗaya manya-manya yadda wanda ke wucewa a baranda da sauri zai karanta, kuma ya bar fili kar ya cika takardar dam. Ya fara da fensir a takarda kafin ya taɓa manhajar zane ta Canva, in ba haka ba sai samfurin da ke ciki ya yi masa tunanin. In kuma maigida na ƙyamar zanen mai rai ne, ai da haruffa da zayyana kaɗai ana yin fasta mai kyan gaske, ga irin adon bangon gidajen Birni na garinku nan, ya ɗauko salon ya saka.

In har yanzu hankalinku bai kwanta ba ku rubuta wa malamin a littafin saƙo na makaranta ku nemi ganinsa, ku tambaye shi me ake so a zana kuma a ina za a manna. Haƙƙinku ne, kuma gara ku je ku biyu ke da maigida.