Shin Agogon Rolex Kadara Ce da Za a Zuba Kuɗin Gado a Ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Alhaji. Mahaifinmu ya rasu bara, an sayar da gidan da ya bari an raba gado, kuma rabona ya kai kimanin naira miliyan 25. Tun da kuɗin suka shigo hannuna hankalina bai kwanta ba, domin na ga yadda ajiyar mutane ta narke a banki lokacin da naira ta faɗi. Wani abokina mai safarar kaya daga Dubai ya ce in ba shi ya sayo mini Rolex, wai agogon nan kamar gwal yake, ba ya faɗuwa, duk ranar da na so sayarwa zan ci riba. Ina da mata da yara uku, kuma ban mallaki wani abu ba bayan wannan kuɗi. Don Allah ka ba ni shawarar da za ka ba ƙaninka.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa Aljanna ce makomarsa. Tun da ka ce in ɗauke ka a matsayin ƙane, to ƙanena, kada ka ba da kuɗin nan. Tsoron da kake ji game da naira yana kan hanya, amma maganin da aka kawo maka ya fi cutar haɗari, kuma zan faɗa maka dalili a matsayina na wanda ya daɗe yana saye da sayarwa da gyaran agogo.

Maganar nan ta cewa agogo kamar gwal yake, kusan kullum sai na ji ta a shago, kuma ita ce ta fi kowace magana jefa mutane cikin asara a wannan sana'a. Idan matarka ta ɗauki sarƙar gwal ta kai kasuwa, za a ɗora ta a sikeli, a duba karat nawa ce, a lissafa giram da farashin ranar, a cire ɗan abin da za a cire, a miƙa mata kuɗi kafin la'asar. Ko sarƙar ta tsinke, ko yayinta ya wuce, darajarta tana cikin jikinta, domin ana iya narka ta. Agogunan Rolex da ake rububi kuwa, irin su Submariner da Daytona da GMT-Master, galibinsu na ƙarfe ne mara tsatsa, kuma idan ka narka ƙarfen ba zai saya maka buhun shinkafa ba. Abin da kake biyan miliyoyi a kansa shi ne suna, da kyawun aiki, da sha'awar mutane, ita kuwa sha'awa ba a auna ta a sikeli, yau ta hau gobe ta sauka.

Mun ga hawanta da saukarta da idonmu. Lokacin annobar korona, daga 2020 zuwa farkon 2022, masu kuɗi a Amurka da Turai da Asiya suna zaune a gida, kuɗin ruwa a bankuna ya yi ƙasa ƙwarai, waɗanda suka ci riba a kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, suna neman abin da za su saya, sai suka afka wa agogo. Daytona na ƙarfe da kamfani ke sayarwa a lokacin ƙasa da dala 15,000 ya kusanci dala 50,000 a hannun 'yan kasuwa. Agogon Nautilus mai lamba 5711 na kamfanin Patek Philippe, wanda farashinsa na kanti bai wuce kimanin dala 35,000 ba, ya haura dala 150,000 bayan an sanar da daina ƙera shi a 2021. A watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, Bitcoin da ya kai kusan dala 69,000 ya faɗo ƙasa da 20,000 a tsakiyar shekarar, masu agogo suka fito da su kasuwa a lokaci guda. Daytonan nan ya dawo wajen dala 30,000, kasuwar agogo gaba ɗaya ta zubar da kimanin kashi ɗaya cikin uku na darajarta, ta kuma shafe fiye da shekara biyu tana gangarowa. A daidai wannan tsakani gwal, wanda ake sayar da oza ɗaya wajen dala 1,800 a 2022, ya haura dala 3,000 a watan Maris na 2025. Abubuwa biyu da ɗaya ke hawa ɗaya ke sauka a lokaci guda, da wane ido za a ce iri ɗaya ne?

Na san abin da abokinka zai ce, domin shi ne abin da dillalai ke faɗa duka. Zai nuna maka wani da ya sayi agogo naira miliyan 15 ya sayar da shi miliyan 22 da rabi. Zauna ka yi lissafin da kanka. A farkon 2023 'yan canji a kasuwar Wapa ta Kano suna sayar da dala wajen naira 750, saboda haka miliyan 15 dala 20,000 ce. Bayan an saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta kai 1,500 har ta wuce. A ce agogon ya faɗi zuwa dala 15,000, to idan aka juya shi zuwa naira zai ba da miliyan 22 da rabi, mai shi ya yi ta murna ya ci ribar miliyan bakwai da rabi. Da dalar ya ajiye a asusu bai sayi komai ba, miliyan 30 zai tarar. Ke nan agogon ya cinye masa miliyan bakwai da rabi, faɗuwar naira ce kawai ta rufe asarar bai gan ta ba. Wannan lissafi yana ɓata mini rai duk lokacin da na ji ana yaudarar mutane da shi, domin masu faɗarsa sun san gaskiya sarai, da dala suke sayo kayansu.

Sannan akwai tazarar da ke tsakanin farashin da kake gani a intanet da kuɗin da za a ƙirga maka a hannu. Na farko abin da mai sayarwa ya sa wa kayansa ne, na biyu kuwa tayin da ɗan kasuwa zai yi maka ne, shi ma yana neman tasa ribar, ga la'adar dillali a tsakani. Kwanakin baya wani bawan Allah ya shigo shagona da agogo a naɗe cikin hankici, mahaifiyarsa tana kwance a asibiti ana jiran kuɗin tiyata. Agogon na ainihi ne, na buɗe bayansa na duba injin da madubin ido, komai lafiya. Amma kwalinsa da katin garanti sun ɓace, wani mai gyara ya goge jikinsa da inji har gefunan da ya kamata su yi kaifi sun zama sumul, kuma an canza masa fuska da wadda ba tasa ba. Ya zaga wurin mutum huɗu kafin ya zo gare ni, kowa ya ga matsuwa a fuskarsa, kowa ya yi masa tayin wulaƙanci. Abin da na iya ba shi, duk da na ƙara a kan na sauran, bai kai kashi biyu cikin uku na abin da ya biya ba. Masu iya fitar da miliyan 20 su sayi agogon hannu a Kano ko Abuja ba su da yawa, kuma mafi yawansu sun fi son su sayo sabo da kansu idan sun fita waje.

Ka kuma tambayi abokin naka a ina zai sayo shi. Kantunan da Rolex ya amince wa, a Dubai ko Landan ko ko'ina, ba sa miƙa waɗannan samfura ga baƙon da ya shigo yau, sai dai a rubuta sunanka ka jira, kuma tsofaffin abokan ciniki ake fara kira. Ribar da ake ta labari tana hannun wanda ya samu a farashin kanti. Kai daga hannun wannan mutum za a sayo maka, wato kai ne za ka biya masa ribar. Idan ma an yi rashin sa'a, jabu za a kawo maka, kuma jabun yanzu ba irin na da ba ne da ake ganewa da rashin nauyi. Akwai wanda sai an buɗe inji ƙwararre zai gane, yana zuwa da kwalinsa da katinsa, su ma na jabu. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, balle cinikin dukiyar gado a ƙasar da ba ka je ba.

Gaskiya ne akwai agogunan da suka yi tsadar ban mamaki. Daytonan ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman an yi gwanjonsa dala miliyan 17.8 a New York a 2017, wani Patek Philippe kuma ya kai faran na Suwizalan miliyan 31 a 2019. Na farko tarihin mai shi aka saya, na biyu guda ɗaya tak aka ƙera. Rolex kuwa ana ƙiyasta yana fitar da agogo sama da miliyan ɗaya a kowace shekara, naka ɗaya ne daga cikinsu. Idan aka fita daga Rolex da Patek Philippe da Audemars Piguet, a abin da nake gani, yawancin agoguna masu tsada suna zubar da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye da zarar an fita da su daga kanti. Tuna agogon Rado ɗin da alhazan zamanin da suke sayowa daga Makka, wanda a lokacinsa ake ɗaga hannun riga don a gan shi. 'Ya'yansu suna kawo mini su da fatan sun gaji dukiya, nakan ce su mayar gida su adana don tunawa da iyayensu, domin kuɗin da za a ba su bai kai darajar hakan ba.

Agogo ba ya haihuwa kamar saniya, ba ya kawo kuɗin haya kamar shago, sai dai ya ci. Rolex da kansa yana ba da shawarar a yi wa agogo cikakken sabis kusan duk shekara goma, aikin yana cin ɗaruruwan daloli, kuma ƙurar hunturu da zufar bazara suna sa robar da ke hana ruwa shiga ta gaji da wuri. Ga ɓarayi, ga batun zakka idan da niyyar kasuwanci ka saye shi, wanda ya kamata ka kai wa malami. Idan kuma na gwal aka ce a sayo maka don a cika maganar cewa gwal ne, ka san hukuncin sanya gwal ga namiji Musulmi, sannan gwal ɗin da ke jikinsa karat 18 ne, kuma kuɗinsa ba ya kaiwa farashin da za ka biya.

Ina son agogo, da shi na ciyar da iyalina, kuma ina jin daɗi in ga mutumin da Allah ya hore wa ya saya ya ɗaura ya bar wa ɗansa. Wannan mutum da rarar kuɗinsa ya saya, idan farashi ya faɗi tukunyar gidansa ba za ta sauka ba. Kai kuwa gumin mahaifinka ne a hannunka, da haƙƙin yara uku. Fara ware abin da zai riƙe gidanka na wata shida inda hannunka zai kai da sauri. Abin da ya rage ka raba shi, wani a gwal ɗin da aka auna a gabanka aka ba ka rasit, wani a fili ko shago mai ingantattun takardu da ka taka da ƙafarka, wani a sana'ar da ka riga ka iya, bayan ka zauna da wanda ya san harkar zuba jari kuma ba shi da la'ada a cikin shawarar da zai ba ka. Abokin naka kuwa ka ce masa ya rubuta maka a takarda, a gaban shaidu biyu, cewa zai karɓi agogon bayan shekara biyu a kan dalar da ka biya, sannan ka dawo ka gaya mini amsar da ya ba ka.