Amsa ga Hajiyar da ɗanta ke cin zalin yara a makaranta

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce hedimasta ya kira ki saboda ɗanki mai shekara 11 yana dukan ƙananan yara yana ƙwace musu kuɗin abinci, alhali kullum sai kin ba shi nasa, kuma kin zane shi har kin gaji bai daina ba. Ni malamar firamare ce a nan Kumasi, a Aboabo da Asawase na yi yawancin aikina, irin wannan ƙarar kuwa ba a rufe zango ba ta zo gabana ba.

Ki cire batun kuɗin daga ranki tukuna. Sidi biyu ko uku da yake karɓa ba yunwa ke sa shi ba. Abin da yake nema shi ne a ga ya karɓa. Ki tambayi malaminsa: idan zai yi, shi kaɗai yake yi ko da 'yan kallo? Kusan kullum akwai yara a gefe suna dariya, suna zuga shi da "kai ne oga". Ranar da aka raba shi da su, sai ki ga rabin ƙarfin ya tafi.

Sai kuma ki binciki wa ke samansa. A gidajenmu na haya na zango, yaro na tashi cikin yayye da 'ya'yan maƙwabta, babba ya aiki ƙarami, ya ƙi a maƙe shi, mu manya mu ce ai yayansa ne. Da yamma ya je makarantar allo, a bar wani babban ɗalibi da bulala ya tsare su. Yaron da ya sha wannan bai iya ramawa ba, gobe a makarantar boko zai nemi wanda bai kai shi ƙarfi ba ya sauke a kansa. Haka abin ke gangarowa har sakandaren kwana, inda siniya ke gasa juniya don shi ma an gasa shi. Duk mun ga bidiyon sakandaren kwana ta Adisadel a 2023, yadda wani ɗalibi ya buga fuskar ɗan'uwansa a ƙarfen gado. Wannan hali ba a can ya faro ba.

Shi ya sa ba na goyon bayan ƙarin duka, ki yi mini haƙuri. Kina nuna masa cewa mai ƙarfi shi ke hukunta marar ƙarfi, darasin da ya riga ya haddace. Ko mu malamai, hukumar ilimi ta GES ta hana mu bulala tun 2017, duk da wasunmu har yau suna gunaguni.

Akwai wani dalilin da iyaye ba sa kawowa a rai. Ki ba shi littafinsa na Turanci ya karanta miki da ƙarfi. Na sha samun yaro a aji biyar ko shida bai iya haɗa jimla ba, ya girmi 'yan ajin, ana masa dariya idan an tashe shi. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Gara a ji tsoronsa da a raina shi. Idan haka ne, malamin lesin zai yi miki aikin da dorina ba ta yi ba. Amma fa ba kowane ne ke da ciwo a zuci ba. Wani shagwaɓa ce kawai, ba a taɓa ce masa a'a ba, ya ɗauka kowa yaronsa ne.

Ki zaunar da shi ku biyu, ba a tsakar gida gaban mutane ba, ki tambaye shi wa ke takura masa. Kada ki yarda da "wasa muke yi". Wasa ana juyawa ne, nasa kuwa kullum yaro ɗaya ke kuka. Kuɗin da ya ƙwace ya biya daga nasa na abinci, ya miƙa da hannunsa gaban malami, ke kuma ki je ki ba iyayen yaran haƙuri yana tsaye yana ji. Ki roƙi malamin ya canza masa wurin zama, ki karɓi lambarsa ki riƙa kira duk Juma'a. Allah Ya shirya mana su.