Amsa ga ɗan'uwan da ya sayi Rolex barci ya gagare shi

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka sayi agogon Rolex da ribar da ka daɗe kana tarawa, tun ranar da ka shigo da shi gida hankalinka bai kwanta ba, uwargida ba ta san kuɗinsa ba, kana tambaya ko ka sayar ko ka riƙe, kuma ko abin da ka yi ya shiga almubazzaranci. Wallahi da na karanta sai da ƙirjina ya yi nauyi, don na san wannan ciwon, na kwana da shi na tashi da shi. Masu ce maka "da ka haƙa rijiya a ƙauyenku" ba ƙarya suka faɗa ba, amma wanda ya zo yana kuka ba a tarbarsa da mari. Na san da tsakar dare ka riga ka faɗa wa kanka abin da ya fi nasu zafi.

Nawa Rolex ɗin samfurin Datejust ne, mai haɗin ƙarfe da zinare. A farkon 2022 na saye shi, dala dubu goma sha wani abu. Waɗanda muke zaman canjin kuɗi tare a wajen Broad Street a Legas za su tuna lokacin. In alhaji ya zo, kafin a gama gaisawa ido ya sauka a wuyan hannunsa. Ana ta cewa agogo ya fi fili, ya fi ajiye dala, ka ɗaura ka more shi kuma ka sayar da riba. A lokacin kuwa da gaske farashin na hannu hawa yake yi, har irin su Daytona na Rolex da Nautilus na kamfanin Patek Philippe ana sayar da su ninkin kuɗin kanti, don in ka je wajen dilan kamfani sai dai a rubuta sunanka ka yi ta jira. Ashe a ƙololuwa muka shiga. Daga wajen Maris zuwa Afrilu na wannan shekarar farashin ya juyo ƙasa, ya yi ta sauka har cikin 2024.

Amma ba faɗuwar kasuwa ce ta karya ni ba. Mutum ne.

Wanda ya sayar mini ba baƙo ba ne. Ɗan garinmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a a Agege. Ya ci tuwo a gidana. Ranar sunan ɗiyata shi ya tsaya a bakin ƙofa yana raba goro. Ya ce daga Dubai ya taho da shi, ga kwali ga katin garanti, wai wani babban mutum a Ikoyi ya yi masa tayi amma ya ga ni na fi cancanta. Da na ce mu kai wa masu duba, sai ya ɓata fuska ya ce, "Haba Alhaji, ni da kai har sai an kai ga haka?" Da wannan kalmar ya ɗaure ni. Ya san ba zan iya ƙaryata shi a idonsa ba, da saninsa ya yi amfani da zumunci ya rufe mini baki.

Sai watan Fabrairu na 2023, lokacin canjin takardun naira, sa'ad da mutane ke kwana a layin ATM. Yayata ta kira daga gida da asuba, ta ce jikin Inna ya rikice, likitoci sun ce ƙoda ce, sai an fara wankin ƙoda. Kuɗin da ke hannuna na mutane ne, amana, ba na taɓawa. Nawa kuma sun fita bashi, kowa na kira sai ya ce in yi haƙuri, gari ya tsaya cak. Na ce ba komai, ai ina da agogo, ai an ce mini kuɗi ne a hannu. Na ɗauki kwalin na tsallaka cikin Lagos Island. Wani dattijo mai gyara ya sa gilashinsa a ido, ya juya shi, ya sake juyawa, ya buɗe baya. Ya yi shiru. Sannan ya ce injin na asali ne, gangar jikin ma haka, amma fuskar an canza ta, sarƙar ba tasa ba ce, lambar da ke katin kuma ba ta yi daidai da wadda aka zana a cikin zoben da ke ƙarƙashin gilashi ba. Ya nuna mini da idona, nan daidai ƙarfe shida. Tayin da aka yi mini bai kai rabin abin da na biya ba.

Na fito na tsaya a Marina, motoci suna wucewa, wayata tana ta ƙara, sunan Yaya a kai, na kasa ɗauka. Me zan ce mata? In ce ƙaninki da ake kira Alhajin Legas yana riƙe da kwali mai launin kore, ba shi da kuɗin wankin ƙodar uwarsa? Kafin in gama zagaya dillalai in yarda da asarar, Yaya ta riga ta sayar da tumakinta da ɗan kunnen aurenta ta biya na farko. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi gorin ciwo. Inna ta rasu da damina, Allah Ya jiƙanta Ya sa Aljanna ce makomarta. Likita ya ce ba jinkirin ne ya jawo ba, kuma na yi imani kwana ne ya ƙare. Amma ɗan kunnen nan har yau yana tsaya mini a rai, ko da yake na saya mata wani.

Shi kuwa mutumin, da na kira shi cewa ya yi kasuwa ce, kayan da aka saya aka shekara da shi ba a mayarwa. Na kai magana gaban dattawan unguwa, ya zo da carbi a hannu ya rantse shi ma haka aka sayar masa. To in haka ne me ya sa ka hana a duba? Bai amsa ba. Aka ce in yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi. Ni aka ce in yi haƙuri! Ko gaisuwar rasuwa bai zo ba, sai saƙo ya turo a waya. Har gobe ina ganinsa a masallaci, ya canza mota, yana miƙo mini hannu ina karɓa don Allah Ya hana gaba, amma ban yafe ba, kuma ba zan ce na yafe da baki alhali zuciyata ba ta yafe ba. Akwai ranar da za mu tsaya.

Ka yi haƙuri na ja ka da nisa. Abin da nake so ka fara yi, ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka ko akwai haƙƙin wani a cikin agogon nan. Bashi ne a kanka? Kuɗin makarantar yara ya fita? Hayar gida fa, tunda ka san masu gidajen Legas na shekara suke karɓa a dunƙule? Jarin kasuwarka ya ragu har kana juya kuɗin mutane? Iyaye a gida akwai abin da za a taɓa in rashin lafiya ta zo da dare? In ɗaya daga cikin waɗannan ya sa gabanka ya faɗi yanzu da kake karantawa, to nauyin da kake ji gaskiya yake faɗa maka, ka sayar. In kuwa duk ka sauke, halalinka ne, ka fitar da zakka, to ka daina azabtar da kanka. Ya tabbata a hadisi cewa Allah Yana son ganin alamar ni'imarSa a kan bawanSa. Suratul Furƙan aya ta 67 kuma ta yabi waɗanda in sun ciyar ba sa ɓarna ba sa ƙwauro, suna tsayawa a tsakani. Tsakanin nan ba ɗaya ba ne ga kowa. Abin da yake ɓarna a wajena yana iya zama ba komai ba a wajen mai jiragen ruwa a Apapa.

Kuma don Allah in za ka sayar kada ka sayar cikin wannan halin. Dillalai suna gane mai gaggawa tun daga tafiyarsa. Ka tattara komai tukuna, kati, kwali, rasit, har gaɓoɓin sarƙar da aka cire lokacin da aka rage maka ita, duk kuɗi ne. Kada ka bari wani ya ce zai goge maka shi ya yi ƙyalli, gugar tana cin ƙarfe, masu saye na gaske sun fi son wanda ba a taɓa ba. Ka kai wa mai gyaran da ba shi da alaƙa da wanda ya sayar maka, ko da ɗan uwarku ɗaya ne ya sayar maka, ka kai. Rolex na bayar da garantin shekara 5 a kan sabo, in naka yana ciki ka faɗa, yana ƙara masa daraja. Ciniki kuma a yi shi a cikin banki, kada agogo ya bar hannunka sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka, saƙon alat na ƙarya ya yi yawa a garin nan.

Lissafi da dala za ka yi. Wannan 'yan'uwana 'yan canji sun fi ni sani amma zan faɗa. Kafin watan Yuni na 2023 farashin dala na gwamnati yana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ya haura 1,500. Wanda ya saya a 2022 ya sayar bayan haka zai ga naira ta yi yawa ya ɗauka riba ya ci, alhali in ya mayar da ita dala asara ya yi, kuma buhun shinkafa bai jira shi ba. Don haka duk mai ce maka agogo jari ne ka tambaye shi da wane kuɗi ya auna. Ga kuɗin hidima kuma, kamfanin da kansa yana cewa a kai shi gyaran inji kamar duk shekara 10, ba kuma da naira kaɗan ba.

Wani abu da ba ka ambata ba, ni ma ba wanda ya gaya mini sai daga baya: akwai zinare a naka? Waɗannan masu launi biyu zinare ne na gaske, karat 18, ba fenti ba. Hadisin da ya haramta wa maza sa zinare da alharini sananne ne. Wani malami a Idi-Araba ne ya ja ni gefe bayan sallah ya faɗa mini a hankali, Allah Ya saka masa, bai kunyata ni a gaban jama'a ba. In naka ƙarfe ne zalla babu wannan maganar. In akwai zinare ka je wajen malamin da ka yarda da shi, ka haɗa da tambayar zakkarsa, musamman in da niyyar sayarwa ka saye shi.

Ni ko lokacin da nake da shi ban more shi ba. A go-slow na Apongbon ko kan gadar Third Mainland sai in ja hannun riga in rufe, gilashi a ɗage, ina kallon madubi. Mu da muka san abin da ake yi wa mutane a cikin cunkoso. Rabin kwanakinsa a durowa ya yi su, in ya kwana uku ba a sa shi ba ya tsaya, sai an sake saitawa. Sau ɗaya na ɗora hoto a status ranar wani ɗaurin aure a Ikeja, kafin dare buƙatu daga gida sun cika wayata, wanda zai yi aure, wanda rufin ɗakinsa ya yaye. Ban ga laifinsu ba, abin da na nuna musu suka gani. Mutanen gida sun ɗauka shara muke yi wa kuɗi a Legas, ba su ga ɗakin da aka kwana mutum takwas a Mile 12 kafin a kai nan ba. Yanzu Casio ce a hannuna, 'yar baƙar nan F-91W da ake yi tun 1989, tana tashe ni sallar asuba.

Maganar uwargida kuwa, ka faɗa mata. Yau ko gobe, kada ka kai Juma'a. Ni ɓoyewa na yi, na ce mata kyauta aka ba ni, ranar da asiri ya tonu kuwa ita ce ranar da nake buƙatar wanda zai riƙe ni, sai ya zama ina ba da haƙuri a kan ƙarya ga kuma rashin lafiyar Inna. Ba kuɗin ne ya ɓata mata rai ba. Ta ce, "Abban Ummi, da ka gaya mini ai da mun ɗauki nauyin tare." Za ta yi fushi, ka ƙyale ta ta yi, haƙƙinta ne. Rabin abin da ke hana ka barci wannan ɓoyon ne, ka gwada ka gani.

Ka faɗa mana wane samfuri ne, wace shekara ce a katin, a kanti ka saya ko a hannun mutum, sannan ko akwai bashi a kanka. In ka fi so ka turo mini ta sirri, ba sai kowa ya ji ba. Dattijon da ya duba nawa yana nan, in ka shirya ranar Asabar zan raka ka da kaina, ka taho da kwalin da katin. Allah Ya yaye maka, Ya sa ba a cuce ka ba yadda aka cuce ni.